Abin da Zomo Ya Ji

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina zomo a Jidda. Ba kowa ya sani ba. Ko cikin 'ya'yana akwai waɗanda sai a wannan takarda za su fara ji.

Na shigo garin a tsakiyar shekarun saba'in daga Sudan, inda iyayena Hausawa suka haife ni. Aikin hajji ya kawo ni, da aka gama sai na ƙi komawa. Na sami wurin kwana a Bani Malik, ɗaki ɗaya mu huɗu, dukanmu tuzurai. Bayan na sha yawon neman aiki, wani Balarabe mai filin wasan yara a kusa da teku ya ce zai zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, in dai zan yi abin da aka sa ni ba musu. Malahi ake ce wa irin wurin. Akwai babban lilo mai juyawa sama, da dawakan katako masu zagaye, da ɗan jirgin ƙasa. Na ɗauka shara za a ba ni. Mudir, wato mai kula da wurin, ya ja ni wani ɗaki bayan injin wuta, ya nuna mini wani ƙaton farin kai mai tsayayyun kunnuwa rataye a ƙusa, da riga mai gashi tun daga wuya har tafin ƙafa.

Ya ce doka biyu ce. Kada in yi magana, kada in cire kan a gaban mutane.

Wanda ya sa kayan kafin ni wani mutumin Turkiyya ne, ya gudu ya bar warin zufarsa a ciki. Ta bakin zomon nake gani, ta wata baƙar raga, don haka duniya duk ƙugun mutane ce da kawunan yara. Wanda ya san zafin Jidda da danshinta ya san abin da nake nufi in na ce nakan matse singiletina sau uku kafin magariba. Yara su ja jela, su naushe ni a ciki, ni kuwa in yi tsalle in kaɗa hannu. Akwai zaki kuma, wani ɗan Masar ne ke sa shi, mai yawan barkwanci. A unguwa na ce wa kowa tikiti nake yanka.

Gidan da ke kallon ƙofarmu na wani mai gyaran agogo ne da matarsa. Usta muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk gwanin sana'a. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa. Shagonsa a Bagdadiyya yake. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kullum akwai alamar gilashin duba agogo a zagayen idonsa na dama. Matarsa muna ce mata Khala, wato inna da Larabci. Shekara goma sha takwas da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Matan layin, in ta ba da baya, juya suke ce mata. 'Yan'uwansa mata ba sa ma jira ta ba da baya.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Khala na aiko mana da tire, shinkafa da kifi, ko tuwo miyar kuka in wani ya zo da kuka daga gida. Usta da kansa ke ɗaukowa ya tsallako layi da shi, tun da ba ɗan aike a gidan. Yakan ajiye ya ce, "In ji Khalarku, wai kada ku bar komai."

Wata Alhamis bayan la'asar ina tsaye kusa da ƙofar malahi sai na hango su. Har na juya zan gudu, sannan na tuna ko uwata ba za ta gane ni cikin wannan kaya ba. Mai ƙofa ya leƙa bayansu ya ce da Larabci, "Ina yaran?"

Usta ya ce, "Mu biyu ne."

"Mu biyu," in ji mai ƙofa, yana ɗaga murya don mai sayar da tikiti ya ji. Ya yage musu ya matsa.

Ba su hau komai ba. Sun zagaya sau ɗaya, suka zauna a benci suna kallon dawakan katako. Sai da yara suka ragu a kaina Khala ta tashi ta zo. Ta tsaya a gabana, ta miƙo hannu kamar yadda ta ga yara na yi. Na ba ta ƙaton hannun zomo. Ta riƙe da hannu biyu ta ƙyalƙyale da dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

Usta ya zo bayanta ya ce, "Ke, mutane na kallo."

"Su kalla mana, Malam. Taɓa ka ji laushi."

Ya duba hagu da dama, ya taɓa kunnen da yatsa ɗaya. Aka kira mai hoto ya ɗauke mu mu uku, ni a tsakiya.

Daga nan duk Alhamis sai sun zo. Ma'aikata suka sa musu suna iyayen zomo. In sun shigo, mai ƙofa ya ƙwala mini kira, "Yalla, ga mamanka ta iso." Zaki kuwa ya riƙa bin bayansu a hankali, ya turo ciki gaba ya dafe ƙugu kamar mai tsohon ciki, da sun waiwaya ya miƙe ya kaɗa musu hannu. Iyayen yara na gani suna rufe baki. Ni ma ina dariya a cikin kaina, ba mai gani. Ina jin Usta ya lura, don wuyansa kan sandare, amma bai taɓa waiwayawa da sauri ba.

Usta yakan je layin askirim, layin kuwa dogo ne. A wannan tsakanin Khala ke zuwa wurina. Da fari ta tambaye ni da Larabci ko daga wace ƙasa nake, na kaɗa kunnuwa kawai. Ta tambayi mai tikiti, shi kuma don ya rabu da ita ya ce Baturke ne, ko Larabci ba ya ji. Sai ta dawo ta ce da Hausa, "To madalla. Kai dai ba ka jin abin da nake faɗa, shi ya sa za ka yi daɗin hira."

A nan ya kamata in yi tari, ko in ce, "Khala, ni ne." Na yi tunanin dokar mudir, na yi tunanin iƙamata da ba ta fito ba, amma gaskiya abin da ya rufe mini baki shi ne kada a ji a layinmu cewa ni ne zomo. Na gyaɗa kai, kunnuwa suka yi rawa, ta yi dariya.

Da ƙananan abubuwa ta fara. Tsadar kifi. Maƙwabciyar da ta hana ta ɗaukar jaririnta ranar suna, wai hannunta da sanyi. Yadda in an tashi rabon naman suna ake tsallake ƙofarta a ce an manta. Takan gyara mini gashin ƙirji da yara suka yamutsa, ta ce, "Dubi yadda suka yi maka, ɗana." Ta faɗa mini sunaye uku da ta zaɓa tun tana amarya, biyu na maza, ɗaya na mace. Har yau ina tuna su, ba zan rubuta ba.

Wata ranar ta zo idonta a kumbure. Babbar yayar Usta ce ta je gidan da safe, ta ce mata gara a ajiye akuya a gida, ko ba komai za a sha nono. Khala ta riƙe hannuna ta ce:

"Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa ko uwata ba. Ni lafiyata ƙalau. Likita biyu suka duba mu. Shi ne. Hangum ya yi yana saurayi, ya sauka masa ƙasa. Ranar da aka gaya mana, a mota ya yi ta kuka kamar yaro, ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa wa ɗan Adam ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kai kuwa ba ɗan Adam ba ne, ko?"

Ta share ido da gefen abaya. Usta ya iso da askirim biyu suna narkewa a hannunsa, ta karɓi nata ta ce masa ya yi daɗi.

Wata biyu na riƙe maganar. Duk Juma'a in Usta ya ajiye tire sai in kalle shi, in ji wani abu mai kama da jin daɗi, cewa na san abin da bai san na sani ba. Ban ji tausayinsa ba. Tuzuru ne ni mai kwana a tabarma, shi yana da shago da mata da gida, amma ga shi ina da abin da ba shi da shi.

Sai asirina ya tonu. Ɗaya daga cikin abokan ɗakina, direba ne, ya daɗe yana tsintar farin gashi a kayana. Ya kai 'ya'yan maigidansa malahi wata rana, ya zagaya bayan injin wuta neman wurin fitsari, ya same ni zaune da jikin zomo, kaina a waje, ina kwankwaɗar ruwa. Murmushi kawai ya yi ya juya.

Wata Alhamis da aka rufe malahi don gyara na je gahawa, inda mazan layin ke shan shayi bayan la'asar. Mutum ya kai goma sha biyar. Aka kawo mini shayi, a kan faranti kusa da kofin ga ɗanyen karas. Kafin in ɗaga kai wurin ya ɓarke. Wani ya ɗora yatsu biyu a ka. Wani ya ce in tashi in juya su ga jela. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya yi ta dariya har da tari, yana cewa, "Daga Sudan, ya akhi! Ka ƙetare teku don ka zama zomo!" Direban ya tashi yana tsalle-tsalle tsakanin kujeru.

Ana cikin haka Usta ya zo wucewa daga shago, da 'yar jakarsa. Ba ya zama a gahawa. Ya ɗaga hannu ya yi sallama, aka amsa, ya wuce.

Na ce, "Ni kuke wa dariya? Ni don in ci abinci nake sa kan zomo. Ga can wanda ke sayen tikiti duk mako ya kai matarsa ta riƙe hannun zomo tana ce masa ɗana."

Kujeru suka matso. Ban taɓa samun mutum goma sha biyar suna sauraro na ba. Na ba su labarin bencin, da hoton, da gyaran gashin ƙirji. Na kwaikwayi muryarta, na iya sosai. Da na ga dariyar ta fara sanyi, wani ma ya sake ɗaukar karas ɗin, sai na ce, "Ai ba ku ji komai ba. Kun san wane ne juya a gidan nan?" Na faɗa musu likita biyu, da hangum, da kukan cikin mota. Ba wanda ya sake ce mini zomo a ranar. Dattijon nan ma shi ya saya mini shayi na biyu.

Washegari Juma'a ce. Usta ya kawo tire, shinkafa da kifi. Na ci.

Kwana uku ya ishi labarin ya gama Bani Malik. Wani ya kai agogo shagon Usta a Bagdadiyya, da abokai biyu a bayansa, ya ce a duba masa, a ido lafiya lau yake amma ciki ba ya motsi, ko Usta ya san irin wannan ciwon? Matan da suka yi shekaru suna ce wa Khala juya suka fara zuwa yi mata jaje, suna zama har su ga bayan shayinta. Wata rana da hantsi muka ji muryar Usta ta tsallako layi, shi da ba ya ɗaga murya. "Wa kika faɗa wa?" Ita kuma tana kuka tana rantsuwa ba ta faɗa wa kowa ba, wallahi ba ta faɗa wa mutum ba. Muna zaune a ɗaki muna ji. Direban ya kalle ni ya ce, "Kai ma dai." Amma shi ne daga baya ya je ya gaya wa Usta inda maganar ta fito.

Alhamis ta zo. Na so in ce ba ni da lafiya, mudir ya ce halas, in ban sa kaya ba in tattara in bar wurin. Bayan la'asar suka shigo. Mai ƙofa ya buɗe baki zai yi kiransa na kullum, ya ga fuskar Usta ya fasa. Usta na riƙe da tsintsiyar hannunta. Ba su je benci ba, kai tsaye suka zo inda nake, yara huɗu ko biyar na rataye a jikina.

Ya ce da Hausa, a hankali, "Cire."

Na kaɗa masa hannu.

"Na san kana ji. Cire ta gan ka."

Khala ta ce, "Malam, don Allah mu tafi. Baturke ne, ba ya ji. Ƙarya aka yi maka."

Abin da na yi a nan shi ne abin da ya fi tsaya mini. Na dafe kunnuwa, na yi tsalle hagu, na yi tsalle dama, na juya na kaɗa musu jela. Yaran suka yi tafi. Ina jin na yi zaton in na ci gaba da zama zomo, dole su haƙura su tafi.

Usta ya saki hannunta. Ya zo bayana, ya laluba wuyan rigar ya sami maɓallan da ke riƙe kan, ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Ya ɗaga kan ya ajiye a ƙasa. Iska ta bugi fuskata. Wata yarinya ƙarama ta ƙwalla ƙara ta ruga wurin uwarta.

Khala ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Khala..."

"Tun ranar farko?"

Na sunkuyar da kai.

Ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Har Juma'ar da ta wuce da na auna shinkafa sai da na sa da kai." Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, abin da ba ta saba yi ba, ta nufi ƙofa. Usta bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Ya bi ta, amma bai cim mata ba, kuma bai yi ƙoƙari ba. Tana gaba yana baya har suka fita.

Mudir ya zo da gudu yana zagi, wai na tsorata yara. Ya ɗauki kan ya kifa mini. Zaki ya ɓalla mini maɓallan yana tambaya me aka yi, me suka ce. Na yi ta tsalle har aka tashi.

Bayan mako uku Usta ya sake ta. An ce da bakinsa ya ce ta je ta sami mai lafiya tun da sauran lokaci, an kuma ce ita ta yi ta roƙonsa ya bar ta ko a matsayin mai dafa masa abinci. Ban san wanne ne gaskiya ba, mai yiwuwa duka biyun. Wanta ya zo daga Madina da motar ɗaukar kaya. Ina leƙe ta tagar ɗakinmu aka fito da gado da akwatuna biyu da keken ɗinki. Ba ta dubi ƙofarmu ba. Daga baya na ji ba ta sake aure ba, tana rainon 'ya'yan wan nata.

Usta ya zauna a gidan shi kaɗai kusan shekara. 'Yan'uwansa mata suka daina zuwa. Muna haɗuwa a layi, ya yi mini sallama kamar kowa, in amsa. Sau da yawa na shirya abin da zan ce masa, in na gan shi sai in ga ba yau ba. Rannan muka wayi gari ga kwaɗo a ƙofar, an ce ya koma kwana a shago. Da na je Bagdadiyya bayan wani lokaci, shagon ya zama na sayar da takalma.

Ni kuwa iƙamata ta fito. Na bar malahi na sami aikin sito a tashar jirgin ruwa, na yi aure, muka kama gida a Safa. Matata haifaffiyar Bani Malik ce, amma can ƙarshen unguwar, tana yarinya a gidan iyayenta lokacin da abin ya faru. Wata rana da rana tana shayar da ɗanmu na fari, muna hira, sai ta ce ko na taɓa jin labarin juyar nan ta unguwarsu da ta haukace a kan zomon malahi. Na ce ban ji ba. Ta gyara zama ta ba ni. A yadda ya iso gare ta, matar soyayya take yi da namijin da ke cikin kayan, duk Alhamis tana sa mijinta ya kai ta, har ta ƙaga masa sharrin rashin haihuwa don ya sake ta ta auri zomon, shi kuma zomon da ya ga fuskarta da kyau ya ce ba ya so. Tana faɗa tana dariya har jaririn ya saki nono.

Ta ce, "Kai ba ka ji abin dariya ba?"

Na ce na ji. Na tambaye ta ko akwai sauran shayi, ta ce in duba a kan murhu.